Taswirar Gayya: Wa Yake Dafa Tuwon Ma'aikata?

Nasarawa suna da yawa a ƙasar nan. Akwai Jihar Nasarawa, wadda babban birninta Lafiya ne. Akwai Nasarawa ta cikin Kano. Sa'an nan ga tamu ta Kaduna, a kudancin kogi, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, maƙwabciyar Kakuri da Tirkaniya da Kudenda. Direban da aka aiko da takin zamani daga nesa, in ya rubuta Nasarawa kurum a wayarsa, ba abin mamaki ba ne wayar ta nuna masa hanyar Lafiya. In ma ya iso unguwar, da sauran aiki. Wane layi ne babbar mota take iya shiga da damina? Ina kwalbatin da ya karye? Ina siton ƙungiya?

Amsar duk waɗannan tana cikin kan mutanen unguwa, amma baƙo ba ya iya karanta kan mutum. Abin da ake kira buɗaɗɗen bayani shi ne a ɗauko irin wannan sani daga kawunan mutane da akwatunan ofis, a rubuta shi inda kowa zai iya ɗauka ya yi aiki da shi, ba biya, ba roƙo. Mafi girman irin wannan aiki shi ne wata taswirar duniya mai suna OpenStreetMap, wadda jama'a suke zanawa da kansu ta intanet. Kowa yana iya ƙara hanya, ko gada, ko rijiya, ko kasuwa. Kowa kuma yana iya ɗauka.

To, 'yan'uwa manoma, kun san gayya. Ba a biyan lada a gayya, gaskiya ne. Amma wanda ya taɓa kiran gayya ya sani akwai kunun safe, akwai tuwon rana, akwai mata da suka kwana suna daka. Kafin wata ƙungiyar gama kai ta ce za ta sa hannu cikin aikin taswira, ya kamata ta fara sanin wanda yake dafa tuwon, da kuma abin da yake faruwa ran da ya daina.

Yadda aka fara

Wani Bature mai suna Steve Coast ne ya fara aikin a Ingila cikin 2004. Dalilinsa kuwa shi ne, hukumar safiyo ta ƙasarsu tana da taswirori masu kyau ƙwarai, amma a lokacin sai mutum ya biya kuɗi mai yawa kafin a yardar masa ya yi aiki da su. Sai shi da waɗansu suka riƙa yawo a kan kekuna da 'yar na'urar da take nuna inda mutum yake, suna zana titunansu da kansu. A 2006 aka kafa gidauniya domin ta riƙe dukiyar aikin. Yanzu waɗanda suka yi rajista sun wuce miliyan 10, ko da yake kaɗan ne daga cikinsu suke zane kullum.

Sharaɗin taswirar mai sauƙi ne. Ka ɗauka kyauta, ko da ciniki za ka yi da ita. Amma sai ka faɗi inda ka samo, in kuma ka gyara bayanan ka rarraba wa mutane, sai ka bar gyaranka a buɗe kamar yadda ka tarar.

Masu zanen ba a biyansu. Amma zanen yana bukatar rumbu, watau manyan kwamfutoci da suke aiki dare da rana suna ajiye shi. Da fari wata jami'a a Landan ce ta ba su wurin ajiya kyauta. Yanzu manyan rumbunan suna Amstadam ta ƙasar Holan da Dablin ta ƙasar Ailan, ana biyan haya da wuta da gyara. Shekara 18 aka yi masu aikin sa kai ne suke lura da su bayan sun tashi daga nasu aiki, sai a 2022 gidauniya ta ɗauki injiniya mai albashi domin wannan. Cikin Disamba 2024 na'urar da take haɗa rumbun Amstadam da intanet ta lalace, aka yi 'yan kwanaki ba mai iya ƙara ko layi ɗaya a taswirar duniya duka.

Daga ina kuɗin yake zuwa? Akwai kuɗin ƙungiya, fam 15 a shekara ga kowane memba. Akwai gudummawar da ake nema daga jama'a lokaci lokaci. Akwai manyan kamfanoni irin su Microsoft da Meta, mai Facebook, da TomTom, waɗanda suke cin amfanin taswirar cikin cinikinsu, suna kuma biyan kuɗi mai kauri kowace shekara. A ƙarshen 2024 wani asusun gwamnatin Jamus ya ba da Yuro 384,000 domin a sabunta injin taswirar.

Akwai wani abu a nan da ya kamata ma'aji da shugaban kowace ƙungiya su lura da shi. Mutum 7 ne suke shugabancin gidauniyar, membobi ne suke zaɓensu, ba su da albashi. A watan Nuwamba 2018, ana dab da zaɓe, sai aka ga mutum 100 daga kamfani guda sun yi rajistar zama membobi a rana ɗaya. Ba su sami jefa ƙuri'a a wannan zaɓe ba, gama lokacin rajistar masu zaɓe ya riga ya wuce, amma hankalin jama'a ya tashi. Duk wanda ya taɓa ganin attajiri ya cika taron ƙungiya da yaransa ran zaɓe ya san irin wannan tashin hankali. A 2020 suka kawo wata dabara: wanda ya yi zane kwana 42 cikin shekara, yana iya zama memba mai ƙuri'a ba tare da ya biya ko kobo ba. Watau aka mai da gumi daidai da kuɗi. Saurayi a Nasarawa wanda ba shi da hanyar aika fam 15 zuwa Ingila, wannan ƙofa a buɗe take gare shi.

Kuɗin shan inna

A arewacin Nijeriya ba masu kekuna ne suka fara cika taswira ba. Cutar shan inna ce ta jawo kuɗin.

A 2012 yara 223 ne cutar ta kama a duniya duka, 122 daga cikinsu kuwa a Nijeriya suke. Da aka bincika, sai aka tarar ɗaya daga cikin dalilan shi ne masu allurar rigakafi suna aiki da taswirar da aka zana da hannu a kan takarda. Ƙauyen da mai zanen bai sani ba, ko rugar da take tsakanin gunduma biyu, kowa yana tsammani ta ɗayan ce, sai a yi ta tsallake su shekara da shekaru. Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta zuba kuɗi, wata ƙungiya mai suna eHealth Africa, wadda aka kafa cikin 2009, ta shiga aikin. Aka duba hotunan tauraron ɗan'adam aka gano inda gidaje suke, aka aika ma'aikata su je su tambayi sunan kowane wuri daga bakin masu unguwa, aka kuma ba masu rigakafi wayoyi masu nuna duk inda suka taka. Jihar Kaduna tana cikin jihohin da aka yi wa wannan aiki. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a ƙasar nan a Borno yake, cikin 2016, a ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka shaida cewa Afirka ta rabu da ita.

Bayanan ba su tsaya a ofishin lafiya ba. An zuba sunayen garuruwa da asibitoci masu yawa na jihohin arewa cikin OpenStreetMap. A 2018 kuma aka buɗe wani shiri mai suna GRID3, da kuɗin gidauniyar Gates da na gwamnatin Ingila, wanda ya sa bayanan matsugunai da makarantu da asibitoci da kasuwanni da ƙiyasin yawan jama'a a intanet domin kowa. A ƙasar da rabonta da ƙidaya tun 2006, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Wannan aiki ya cancanci yabo, mun kuwa yaba. Amma ku lura da abin da aka auna. Mai neman yaro ya ɗiga masa magani, gida yake nema, da asibiti, da makaranta, da kasuwa. Ba ruwansa da fadama, ko burtali, ko injin niƙa, ko hanyar da amalanke take bi daga gona zuwa bakin titi. Ba mugunta ba ce. Kowane mai ba da kuɗi abin da ya dame shi yake aunawa. Abin da ya dami manomi kuwa, in manomi bai sa shi ba, zai daɗe bai shiga ba.

Ran da mai bayarwa ya janye hannu

Kowa a cikinmu ya san rijiyar burtsatse wadda aka haƙa da biki da jawabi, bayan shekara biyu roba ɗaya ta lalace, ta zama wurin ɗaure awaki. Bayani ma haka yake mutuwa, sai dai shi ba a ganin gawarsa.

Ga misalin da ya shafi manoma kai tsaye. Bayan yunwar da aka yi a Habasha da ƙasashen Sahel, hukumar ba da taimako ta Amurka, USAID, ta kafa wani shiri a 1985 mai suna FEWS NET, domin a hango yunwa tun ba ta iso ba. Shekara da shekaru yana buga labarin damina da farashin hatsi na manyan kasuwanni, har da Dawanau ta Kano, da Maradi, da Giwa da Saminaka a nan jiharmu. Kowa yana iya dubawa kyauta. A ƙarshen Janairu 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da taimakon ƙasashen waje, sai shafin ya rufe ɗungum, da sabon labari da tsohon duka. Sai wajen watan Yuni ya dawo, bayan an riga an yi shuka. Ita USAID ɗin ma an rufe ta cikin wannan shekara. Hukumar nan ce kuma ta ɗauki nauyin YouthMappers tun daga 2015, wata ƙungiyar ɗaliban jami'a masu zana taswira, wadda ta yi rassa a jami'o'in Nijeriya har da ta Ahmadu Bello a Zariya.

Kyautar kamfani ma haka take. Masu zane suna dogara ga hotunan sama da kamfanoni suke ba su aro. Microsoft ya ba da nasa tun 2010. Wani kamfanin kuma, Maxar, wanda hotunansa na garuruwan Afirka sukan fi zama sababbi, an daina samun nasa a 2023. Wanda bai biya ba, ba shi da bakin ƙara.

Amma ga bambanci. Ran da aka rufe FEWS NET, ƙofa ɗaya aka kulle, kome ya tsaya, domin asusu ɗaya ne yake ciyar da shi. OpenStreetMap kuwa kowane mako ana fitar da kwafinta duka, dubban mutane suna saukewa su ajiye. Ko kamfani ɗaya ya yi fushi ya tafi, hanyar da aka zana tana nan. Ba wanda ya isa ya kulle ta shi kaɗai.

Abin da aka koya a Kibera

Akwai wata unguwar talakawa a Nairobi ta ƙasar Kenya, sunanta Kibera, mai cunkoso ƙwarai. Har zuwa 2009 taswirori suna nuna ta kamar fili ne wofi. A watan Nuwamba na wannan shekara Erica Hagen da Mikel Maron suka koya wa matasa 13 na unguwar aikin, cikin 'yan makonni suka zana hanyoyi da famfuna da makewayi da ɗakunan shan magani.

Zanen bai ba da wuya ba. Abin da ya ba da wuya shi ne maganar lada. Bature mai albashi yana iya zane da yamma domin nishaɗi. Saurayin da sai ya fita ya nema kafin a ɗora tukunya a gidansu, in ka ce ya ba da yini guda kyauta, abincin gidansu ka ce ya bayar. Dole aka riƙa ba su ɗan abin hannu. Daga baya suka yi rajistar ƙungiyarsu ta kansu, suna rayuwa daga wannan tallafi zuwa wancan: yau UNICEF ta ba da na zanen lafiya da ruwa da tsaro, gobe wani ya ba da na makarantu. Tsakanin tallafi da tallafi kuwa, sai haƙuri.

Akwai masu taimakon irin waɗannan ƙananan ƙungiyoyi. Mafi shahara ita ce HOT, wadda ta tsaya da ƙafafunta bayan girgizar ƙasa ta Haiti a Janairu 2010, sa'ad da ɗaruruwan mutane daga ƙasashe dabam dabam suka zana babban birnin ƙasar cikin 'yan makonni domin masu ceto. Daga 2017 ta fara ba da ƙananan tallafi na dala 'yan dubbai, domin sayen waya da kwamfuta da biyan intanet da koyarwa. A 2020 ta sami babbar gudummawa ta shekara 5, ta kuma buɗe ofishin yammaci da arewacin Afirka a Dakar. Irin wannan kuɗi yana da amfani wajen farawa. Yana sayen waya. Ba ya sayen batirin da za a sake bayan shekara biyu.

To, mu a Nasarawa fa?

Unguwar nan ta cika ne da ma'aikatan masaƙu. An buɗe masaƙar farko a Kakuri cikin 1957, ta rufe a 2002, sauran ma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya, mutane da yawa suka koma ga fartanya, waɗansu a bakin kogi, waɗansu a gonakin da suke bayan gari. An gina gidaje da sauri, ba a jira mai safiyo ba. Kogin kuma yana da halinsa. Waɗanda suka ga ambaliyar Satumba 2003 ba su manta ba. Unguwa irin wannan ita ce ta fi bukatar taswira, ita ce kuma taswirarta take saurin tsufa.

Abu na fari ba ya cin kuɗi. A sami mai waya ya buɗe OpenStreetMap a taron ƙungiya, a duba unguwa da hanyar gona, a ga abin da yake ciki da abin da babu. Akwai manhajoji irin su OsmAnd da Organic Maps da suke ajiye taswirar cikin waya, ta yi aiki ko a inda ba sabis. Ana kuma iya buga yankin a takarda, dattawan da ba su saba da waya ba su yi alama da alƙalami, yara su shigar daga baya. Doka biyu ce kurum: kada a kwafa daga taswirar Google, gama tana da mai ita, kada kuma a sa abin da wani ba zai iya zuwa ya gani da idonsa ba.

Sa'an nan a zauna a yi lissafi tsakani da gaskiya. Kuɗin data. Kuɗin caji ran da ba wuta. Kuɗin keke ko babur zuwa gona. Kuɗin buga takarda. Abincin wanda ya yini yana zagaya. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da yake da yawa, amma kowace shekara suna dawowa, irin kuɗin da masu tallafi ba su son biya ke nan. A ganina wurinsu yana cikin littafin ma'aji, layi guda, kusa da kuɗin gyaran sikeli da hayar sito. Ƙungiyar da take iya karɓar mudu ɗaya daga kowane memba da kaka tana iya riƙe wannan. In tallafi ya zo daga waje, madalla, a sayi waya mai kyau da shi, a kira mai koyarwa. Amma kada a fara abin da ba zai iya tafiya da mudun nan kaɗai ba.

A koya wa mutum biyu ko uku, har da mace, kowa da nasa suna a taswirar. Saurayi ɗaya tilo, gobe makaranta ko bautar ƙasa ta ɗauke shi. Zagaye biyu a shekara ya isa: ɗaya kafin ruwa ya sauka, ɗaya bayan ya ɗauke, a ga kwalbatin da ya tafi, da hanyar da zaizaya ta cinye, da burtsatsen da ya daina ba da ruwa. Iyakar inda ambaliya ta kai kowace shekara ba a sa ta cikin babbar taswira, gama abu ne mai zuwa ya wuce. Wannan sai a zana a takardar ƙungiya, a rubuta shekara, magatakarda ya ajiye.

Me za a samu? Jihar Kaduna ta shiga shirin buɗaɗɗiyar gwamnati na duniya a 2018, ta kuma ɗauki alkawarin jin bukatun jama'a kafin ta tsara kasafin kuɗi. Wakilin da ya tashi a taro ya ce hanyoyinmu sun lalace, an ji irinsa sau dubu. Wanda ya shimfiɗa takarda ya ce ga kwalbati huɗu, ga inda kowanne yake, ga gonakin da suke bayansu, ya fi wuyar sallama da baki. Haka kuma mai sayen masara ko tumatir da zai aiko mota, ana iya aika masa da wurin ta waya ya zo kai tsaye.

Abu biyu kuma sai a yi hattara. Na ɗaya, taswirar nan ba takardar mallakar fili ba ce. Ko ka zana gonarka sau goma, ba ta zama shaida a gaban alƙali ba. Maganar takardar fili tana hannun hukumar KADGIS, wadda jihar ta kafa a 2015.

Na biyu ya fi nauyi. Abin da aka buɗe wa kowa, an buɗe wa mugu ma. Mutanen Chikun ba su bukatar a tuna musu da abin da masu satar mutane suka yi a ƙauyuka da makarantu cikin shekarun nan. Gada da kasuwa da asibiti da famfo, kowa ya riga ya san inda suke, sa su ba ya ƙara wa ɓarawo kome. Amma sunan mai gona, da inda ake kwantar da shanu, da rumbun da ya cika, da gidan ma'aji, da 'yar hanyar da mutane suke bi su tsere, waɗannan ba su shiga intanet ko da mai tallafi ya ce sai da su zai ba da kuɗi. Ku tuna kowane mako ana kwafe taswirar a rarraba ko'ina cikin duniya, abin da ya shiga yau, ko an goge shi jibi, yana nan a hannun wani. Saboda haka tun kafin a ba yara waya, taron ƙungiya ya zauna ya rubuta abin da za a sa da abin da ba za a sa ba, a karanta wa mai unguwa ya ji, sa'an nan a fita zagaye.